WAYA TAMU, MABUƊI A HANNUN WANI

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, a wannan mako za mu yi magana a kan wani abu wanda ke cikin aljihun kowannenmu, wanda muka saya da guminmu, amma aka riƙe mana mabuɗinsa ba tare da an gaya mana ba. Watau wayar hannu. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa, don maganar ta shafi mai tebur da mai kanti baki ɗaya.

Kwanan baya wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ya shigo ofishinmu, ransa a ɓace, da waya a hannu fuskarta baƙi ƙirin. Ba faɗuwa ta yi ba, ba ta kuma shiga ruwa ba. Da dare ta nemi ta sabunta manhajarta, ya yarda, tana cikin yi sai batir ya ƙare, ga shi an ɗauke wuta. Da gari ya waye ta ƙi tashi. A cikinta kuwa akwai lambobin abokan cinikinsa na Maraɗi da na Ikko, da lissafin waɗanda yake bi bashi, da hanyar da yake karɓar kuɗi ta banki. Muka raka shi kasuwar waya ta Farm Centre, wurin wani saurayi mai gyara.

Saurayin nan ya ɓamɓare murfin baya, ya raba batir da inji, ya jona igiya da kwamfuta, sa'an nan ya ɗauki hantsaki ya taɓa wani ɗan ɗigo mai ƙyalli wanda bai kai ƙwayar gero ba. Nan take kwamfuta ta yi ƙara. Ya ce, "Baba, wayarka ba ta mutu ba, suma ta yi." Dattijo ya washe baki. Jim kaɗan sai saurayi ya jingina da kujera, ya ce, "To, Baba, ga inda gizo ke saƙar. Izini take nema." Dattijo ya ce, "Izinin wa, ɗana? Ni na saye ta, ga rasit ɗina." Saurayi ya ce, "Ba naka take nema ba, Baba. Na kamfanin da ya ƙera ta."

Hanya biyu ta rage masa. Ko ya kai ta ofishin wakilan kamfanin, inda aka riga aka gaya masa sai an canza allon injin ɗungurungum, kuɗin kuwa ya kusa na sabuwa, abin da ke ciki kuma ya tafi ke nan. Ko kuwa a biya wani mutum a intanet, wanda ba a san fuskarsa ba balle garinsu, a biya shi da dala, ya ba da aron izini na ɗan lokaci. Dattijo ya zaɓi ta biyun. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce waya ta tashi, ta tambayi lambarsa ta sirri, ya danna, ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Amma abin da wancan baƙo ya karɓa ya fi ladan saurayin da ya yi aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

MECE CE WANNAN ƘOFA?

Don kada a ce muna ihu bayan hari ba mu san kan zance ba, bari mu bayyana yadda abin yake. A kan allon injin kowace waya, wanda masu gyara ke kira fanel, akwai wani ɗan baƙin abu kamar farcen yatsa, shi ne ƙwaƙwalwa. Tun a masana'anta an dasa wani gajeren umarni a cikinta wanda ba ya goguwa har abada. In ka danna makunni shi ke fara farkawa. Aikinsa irin na mai gadin zaure ne: ya leƙa ma'ajin waya, ya ɗauko manhajar farko, ya duba ko tana ɗauke da hatimin kamfani, in da shi ya ba ta hanya, ita kuma ta tada ta gaba da ita, har fuskar waya ta haskaka. In aka yi rashin sa'a manhajar ma'aji ta lalace, kamar yadda ta dattijon nan ta yi, to, mai gadi yana nan a farke, sai dai babu wanda zai ba hanya. Inji lafiya lau, gilashi lafiya lau, batir lafiya lau, waya kuwa ta zama kamar tubali.

Masu ƙera ƙwaƙwalwa sun san haka na faruwa, saboda haka suka bar ƙofar baya. A ƙwaƙwalwar kamfanin Qualcomm na Amurka sunanta EDL, kwamfuta kuma takan nuna ta da lamba 9008. A ta MediaTek na Taiwan ana ce mata BROM, a wayoyin Apple kuwa DFU. A wasu wayoyi ɗigon nan da ake taɓawa da hantsaki yana kan hanyar ma'aji ne, in an taɓa shi sai mai gadi ya kasa karanta kome, ya juya ya saurari igiyar kwamfuta. Ta nan ake zuba sabuwar manhaja, aikin da masu gyara ke kira filashin.

Akwai ƙofar da ta girmi wannan. A shekara ta 1985 waɗansu kamfanonin lantarki na Turai suka ga allunan injuna sun matse, har allurar gwaji ba ta iya kaiwa ga kowace ƙafa. Suka haɗa ƙungiya don neman dabara, daga sunan ƙungiyar aka samo JTAG, a 1990 kuma aka mai da dabarar ƙa'ida mai lamba IEEE 1149.1. Da zirin waya huɗu kawai, wani lokaci biyar, injiniya na iya tsai da ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, ya duba cikinta, ya rubuta abin da yake so. Har wa yau akwai ta uku, UART, mai ɗigo uku: na aikawa, da na karɓa, da na ƙasa. In an jona ta, sai na'ura ta riƙa ba da labarin tashinta layi layi, har inda ta tsaya, kamar mara lafiya yana nuna wa likita inda ke masa ciwo. Ana samun ɗigogin nan a dikoda, da talabijin, da akwatin raba intanet na gida.

Ku lura fa, jama'a, ba ɓarayi suka haƙa ƙofofin nan ba. Kamfani ne ya yi su da hannunsa, da su yake gwada kaya a masana'anta, da su ma'aikatansa ke tada wayar da ta suma. Abin da muke tambaya shi ne, ranar da kuɗi suka shiga hannunsa, waya ta shiga namu, don me mabuɗi bai biyo ta ba?

YADDA AKA ƊAURE MU

A cikin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu 'yan ƙananan fis waɗanda in an ƙone su sau ɗaya ba sa komawa. Kafin waya ta bar masana'anta, kamfanoni da yawa sukan ƙone na JTAG, ƙofar ta toshe har ƙarshen ranta. Da irin fis ɗin nan kuma ake dasa shaidar hatimin kamfani, yadda ƙofar gaggawa ba za ta karɓi ɗan aiken da kwamfuta ta turo ba sai yana ɗauke da hatimin. Har nan ba mu da ja, muddin za a ba masu gyara ɗan aiken. To, galibi ba a bayarwa. Waɗansu ma suka ƙara sakata a kan kwaɗo: ko ka samu ɗan aiken, sai wata kwamfuta ta kamfani a can wata ƙasa ta amsa ta intanet kafin filashin ya yiwu. Kamfanin Xiaomi ya bi wannan hanya a wayoyinsa da dama, inda sai mai asusun da kamfani ya amince da shi ke iya filashin ta EDL. Kamfanin Huawei kuwa a 2018 ya daina ba masu wayoyinsa lambar da suke buɗe ƙofar manhaja da ita, alhali kafin nan yana bayarwa kyauta.

Kada wani ya ce wannan zancen wayoyin masu kuɗi ne. A 'yan shekarun nan kusan rabin wayoyin zamani da aka sayar a Afirka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, kuma akasarinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ko ta Unisoc ke ciki. Tsofaffin wayoyi masu MediaTek duk mai kwamfuta da igiya yana iya tada su, shi ya sa dubban samari suka samu sana'a daga Farm Centre har Computer Village ta Ikeja. Sababbi da yawa kuwa, daga kamfanoni iri iri, ba sa amsawa sai da fayil ɗin izini. Kullum ƙofa tana ƙara tsukewa, talaka na tsaye a waje.

A kasuwa mun san ciniki. In an yi sallama, an biya, an ba dillali la'adarsa, kaya sun tashi daga hannun mai su. Wa ya taɓa sayen gida, mai sayarwa ya ce zai riƙe mabuɗin ɗaki ɗaya, in rufi ya yi yoyo a aika masa? Wa ya taɓa sayen keken ɗinki aka ce kada makaniken unguwa ya kwance shi? Iyayenmu sun sayi akwatin rediyo, waɗansu har da zanen injin a manne a ciki don mai gyara ya gani. Mu kuwa mun biya kuɗin saye, ashe haya aka ba mu.

HUJJARSU, DA AMSARMU

Adalci ne mu faɗi abin da kamfanoni ke cewa. Suna cewa in aka bar ƙofa a buɗe ɓarawo zai shiga, ya wanke wayar sata ya sayar, ko ya kwashe asirin mai ita, ko kuma dillalan banza su cusa mugunyar manhaja kafin waya ta iso kanti. Ba mu raina wannan magana ba. Duk wanda ke zaune a Kano ya san abin da ƙwacen waya ya jawo, ya san an zubar da jinin bayin Allah a kan wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Ba za mu taɓa goyon bayan abin da zai sauƙaƙa wa ɗan ƙwace sana'arsa ba.

Amma ku auna wannan. Na farko, asirin mai waya ba wannan ƙofa ce kaɗai ke tsaronsa ba. Wayoyin zamani suna cuɗe abin da ke ma'ajinsu yadda ba ya karantuwa sai da lambar sirrin mai ita, kuma tun daga Android 10 na 2019 wannan ya zama tilas ga sababbin wayoyi. Ai kun ji, da wayar dattijo ta tashi lambarsa ta fara tambaya. Haka kuma akwai ƙulli na dabam wanda ke hana a yi amfani da wayar sata ko an wanke ta: Apple ya kawo nasa a 2013, Google kuma a 2015. Gyaran manhajar da ta lalace dabam, ɓalle wannan ƙulli dabam. In kamfani ya gina su a kan ƙofa ɗaya, to, aikinsa ne ya raba musu ƙofa, ba ya toshe duka biyun ba.

Na biyu, an riga an nuna yana yiwuwa. Google yana sa manhajar wayoyinsa na Pixel a fili kowa ya ɗauka, kuma wanda ya saye ta kai tsaye yana iya buɗe ƙofar manhaja da kansa. Sai dai dole ya fara shiga cikin wayar ya ba da izini, sa'an nan kafin ƙofa ta buɗe sai waya ta shafe duk abin da ke cikinta. Mai ita ya samu ikonsa, ɓarawo bai samu kome ba. Abin da kamfani ɗaya ya iya, sauran ba su da hujjar cewa ya gagara.

Na uku, shin kwaɗon nasu ya tare ɓarawon? A farkon 2018 masu bincike na Aleph Security suka nuna cewa 'yan aiken EDL masu hatimin kamfanoni da dama sun riga sun zube a intanet. A watan Satumba na 2019 wani mai bincike ya bayyana ɓaraka mai suna checkm8 a cikin umarnin nan da ba ya goguwa, wadda ta shafi iPhone tun daga 4S har zuwa X, kuma babu sabuntawar da ke iya ɗinke ta. A 2021 dabarar tsallake izinin ƙwaƙwalwar MediaTek da yawa ta bazu ko'ina. Kamfanin Cellebrite na Isra'ila kuwa sana'arsa ke nan, sayar wa hukumomin tsaro na ƙasashe na'urar buɗe wayoyi. Izinin da aka ce na amintattu ne kaɗai, ga shi ana tallansa da dala. Ashe mai ƙarfi yana shiga, mai kuɗi yana shiga, mai wayo yana shiga. Wanda aka tare a bakin ƙofa shi ne mai hatsin Dawanau da rasit ɗinsa a hannu.

Hasarar ba ta tsaya a aljihu ba. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna a shekara ta 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kowace waya mai lafiyayyen inji da aka jefar don an rasa izini, ƙari ce a kan wannan juji, sa'an nan a sake fitar da kuɗin ƙasa a sayo wata.

ABIN DA WAƊANSU SUKA YI

Mutanen waɗansu ƙasashe ba su naɗe hannu ba. Faransa a ranar 1 ga Janairu 2021 ta tilasta a rubuta wa waya maki daga cikin 10 a kanti, mai nuna sauƙin gyaranta. Jihar New York ta Amurka ta sa hannu a dokar gyara a Disamba 2022, wadda ta ce a ba masu gyara masu zaman kansu kayan gyara da takardu da kayan aiki. Jihar Oregon a 2024 ta hana dabarar sa na'ura ta ƙi sabon kayan gyara don ba kamfani ya ɗaura shi ba. Tarayyar Turai kuwa tun 20 ga Yuni 2025 ta wajabta wa mai sayar da waya a ƙasashenta ya tanadi kayan gyara har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin, da sabunta manhaja aƙalla shekara 5, ya kuma ba ƙwararrun masu gyara manhajar da ake bukata wajen canza kaya ba tare da nuna bambanci ba. Gaskiya dokokin nan ba su ce a bar JTAG a buɗe ba. Amma sun kafa tushe, cewa alhakin mai ƙera kaya bai ƙare ranar ciniki ba. Kamfanonin da suka sunkuyar da kai a Turai, da yawansu su ne ke cika mana kantuna. Me ya sa Bafaranshe zai samu abin da Bakano ba zai samu ba?

Ba mu rasa hukuma ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta ba hukumar NCC ikon tantance kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a Nijeriya. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC. Wanda ke da ikon cewa kaya su shigo, yana da ikon gindaya sharaɗi.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, kada a tantance samfurin waya sai kamfani ya ajiye manhajar tada ta da ɗan aikenta a inda mai gyara mai rajista zai samu, ba tare da biyan kuɗi a kan kowace waya ba.

Na biyu, wanda ya kawo rasit da kwali mai lambar IMEI daidai da ta waya, a ba shi izinin tada wayarsa a garinsu, kada a ce sai an canza fanel alhali fanel lafiya lau.

Na uku, a raba ƙofar gyara da ƙullin sata, ta farko a sake ta, na biyu a ƙara masa ƙarfi.

Na huɗu, a buga zanen allon inji mai nuna ɗigogin gwaji, don samarinmu su daina lalube a duhu suna ƙone kayan mutane.

Na biyar, ranar da kamfani ya daina kula da wani samfuri, ko ya kashe kwamfutar da ke ba da izini, to, ya saki mabuɗin ga jama'a. Wanda ya yar da kaya ba shi da hurumin riƙe igiyarsu.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu gyara, akwai naku. Ba za a danƙa muku mabuɗi ba sai an amince da ku, kuma ku kun san a cikinku akwai waɗanda ke karɓar waya da tsakar dare ba sa tambayar inda ta fito. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ƙungiyoyinku na kasuwa su buɗe littafi, duk wayar da za a yi wa filashin a rubuta lambarta da sunan wanda ya kawo ta, wanda ya ƙi kuwa a sallame shi. Ranar da za mu tsaya gaban hukuma, wannan littafi shi ne shaidarmu.

Ku kuwa 'yan kasuwa, kafin doka ta zo ku taimaki kanku. Ku adana rasit da kwali. Ku danna *#06# ku rubuta lambar da ta fito a takarda. Kada ku yarda waya ta sabunta manhaja batir na ƙasa. Lissafin bashi ku riƙa sauke shi a littafi, don takarda ba ta neman izinin kowa. In za ku sayi sabuwa, ku fara bi ta rumfar mai gyara ku tambaye shi wace ce ke tashi in ta suma, sa'an nan ku je kanti ku faɗa wa mai kanti dalilin zaɓinku da babbar murya. Kamfani ba ya jin Hausa, amma yana jin lissafin abin da ya kwana a kanta ba a saya ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane reshe ya sa maganar nan cikin taronsa na wannan wata, a tattaro labarin waɗanda abin ya shafa, da irin wayar da abin da aka biya, a aiko mana ofis, mu haɗa mu kai inda ya kamata. Dattijon Dawanau ya koma rumfarsa da wayarsa, amma har yanzu mabuɗinta na hannun wani. Taku ma haka.